Littafin Kalmomin Mama Velta

Greensboro, Amirka
Watan Nuwamba, 2006

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta 'ya ga uwa, tare da girmamawa da ladabi, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa, a makwancin da ya fi ɗakin da kika bari a Maraɗi. Ni ce Barira. Muna nan ƙalau, ni da mijina Sani da jikarki Nana, wadda yanzu ta shiga aji biyu. Sanyi ya fara shigowa, ganyen itatuwa duk ya zube a kan hanya.

Na san ba a aika wa mamaci takarda. Ko da kina raye ma, sai an nemo wanda zai karanta miki. Amma shekara biyu ke nan da rasuwarki, akwai maganar da ta hana ni sakat. Idan wasu sun karanta, su karanta. Ɓoye ta bai amfana mini komai ba.

Ban nemi gafararki ba, Inna. Ita ce maganar.

Kin tuna lokacin da Sani ya aiko in biyo shi. Kika ce in bar miki Nana, tana 'yar shekara biyu, in je in ga wuri tukuna, in na zauna daidai sai a kai mini ita. Kin san bakina, tun ina ƙarama ya riga hankalina fita. Na ce, a gaban matan gida duka, ba zan bar 'yata ta tashi a hannun wadda ba ta san ko harafi ɗaya ba. Kina tankaɗen gari a lokacin. Ba ki ɗago kai ba. Kika ce, “To, Allah ya raya ta.” Kika ci gaba da tankaɗenki.

Ranar tafiya kowa ya san abin da ake yi. Mai tafiya nesa ya shiga ɗakin uwarsa, ya durƙusa, ya ce a yafe masa, don ba a san wanda zai riga wani ba. Ni kuwa na tsaya a bakin mota da goyo a bayana, na ɗaga murya na ce sai na dawo. Ina jin kunyar abin da na faɗa, girman kai kuma ya hana ni shiga ɗakin. A lissafina shekara ɗaya ce, in ta yi yawa biyu.

Daga nan sai talho, wato wayar tarho. A je a kira ki shagon unguwa, ki zo ki tsaya cikin mutane, ni kuma ina nan riƙe da katin waya. Ina gajiya, ina gida, yaya baƙunta, yaya mai gidan, yaya yarinya, yaya sanyin da ake faɗa. Kafin mu gama gaisawa matar nan mai muryar inji ta ce saura minti ɗaya. Kullum haka. Ni kuma na riƙa gaya wa kaina cewa ba a neman gafarar uwa ta waya, mutum na tsaye a kicin yana juya miya. Rashin ladabi ne. Sai na zo da ƙafata na durƙusa. Takardun zama a ƙasar suka ƙi fitowa, in na fita ba ni da hanyar dawowa wajen mijina. Shekara uku ina jiran ranar durƙuso, har aka kira aka ce an kai ki makwancinki.

Da kika rasu, ban tambayi kowa ko kin bar wata magana a kaina ba. Tsoron amsar nake yi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata tsohuwa ce, kuma ina so ki san ta.

Bayan rasuwarki da 'yan watanni, Hajiya Mariama, wata dattijuwa 'yar Tawa da ke taimaka wa matanmu a nan, ta samo mini aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Kada ki yi mamaki, a ƙasar nan biyan baƙo ake yi ya zauna da uwar mutum. Aka tura ni wani gida a Pleasant Garden, kudu da gari, inda gidaje ke nesa da juna, kowa da filinsa da motarsa, ba ka jin ko tarin maƙwabci. Mai gidan sunanta Velta. Na riƙa kiranta Mama Velta, don bakina ba zai iya kiran mai furfura da sunanta tsirara ba.

Ta haura tamanin. Baturiya ce, amma ita ma baƙuwa ce kamar ni. Daga wata ƙaramar ƙasa ta fito, Latbiya, can arewacin Turai a bakin teku. Ban taɓa jin sunan ba sai da Sani ya nuna mini a taswira. Bayan yaƙin duniya na biyu ta zo da mijinta, ta yi aiki a masaƙa har ƙarfinta ya ƙare. Mijin ya rasu. Ɗansu ɗaya, Andris, yana aiki a wata jiha mai nisa.

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa ta, mantuwa kuma ta biyo baya. Abin da ya fara tafiya shi ne Ingilishi. Harshen da ta yi sama da shekara hamsin tana saye da sayarwa da shi, ya zube tas, ya bar ta da wanda ta sha a nono. Ɗan nata kuwa bai iya ba. Ya gaya mini iyayensa da Ingilishi suka rene shi, don kada a yi masa dariya a lakkol, wato makarantar boko. Sunayen abinci kawai ya sani. Wato a duk faɗin Greensboro ba mu san mutum ɗaya da zai gane abin da tsohuwar nan ke faɗa ba.

Makonnin farko mun sha wuya ni da ita. Ta faɗi kalma, in kawo bargo. Ta maimaita da ƙarfi, in tura kekenta na marasa lafiya banɗaki. Ran nan ta jefe ni da cokali. Na ɗauke shi, na ce mata da Hausa, “Allah ya ba ki haƙuri, da a da ne da kin ji bakina.” Ta harare ni, na harare ta. Ina jin tun a ranar muka fara shiri, don ita ma ba kanwar lasa ba ce.

Ɗan ne ya tuna da littafin. Ya ce in duba aljihun kabad na kicin, ƙarƙashin mayafan tebur. Kaye ne, littafin rubutu irin na 'yan lakkol, mai baƙin bango, an ɗinke bayansa da zare. A kowane shafi ta ja layi a tsakiya. Hagu kalmar Ingilishi, dama ma'anarta da harshensu. Da hannunta ta rubuta, tun zuwanta ƙasar nan, lokacin tana koyon magana. Water, ūdens. Bread, maize. Thank you, paldies. Ashe ruwa take nema ranar da ta jefe ni.

Na cika kofi na kai mata, na ce ūdens. Inna, da kin ga idonta. Ta dube ni kamar kujera ce ta yi magana. Sai ta fashe da dariya, ta gyara mini faɗar kalmar har sau uku tana ɗaga yatsa, sannan ta sha. Da ta ajiye kofin ta ce paldies, kuma na gane.

Sai dai littafin na da matsalarsa. An yi shi ne don wanda ya ji Ingilishi yana neman harshensu, ni kuwa harshensu nake ji ina neman Ingilishi. Kuma ba a jere yake da haruffa ba. Duk ranar da ta ci karo da kalma, ranar take rubuta ta a ƙarƙashin ta jiya. Don haka idan Mama Velta ta faɗi abin da ban sani ba, sai in koma shafin farko, in bi layin dama da yatsa, ina furtawa a hankali ina gwadawa da abin da kunnena ya ji. Ni da na yi miki gorin harafi, ga ni ina haɗa baƙaƙe kamar ɗan aji ɗaya. Duk wadda na samo sai in rubuta ta a 'yar takarda, in sa Hausarta a gefe, in manna a jikin firji.

A haka na karanta rayuwarta ba tare da na yi niyya ba. Shafukan farko tsintsiya ce, da bokiti, da daɓe, da “to, uwar gida”, don aikatau ta fara yi a gidan wani manomi. Gaba kaɗan sai bas, da inji, da zare, da ƙarin lokacin aiki. Sai ciki, da zazzaɓi, da allura, da taron iyayen yara. Wasu kalmomin ta ja musu layi biyu, ina jin ranar an yi mata dariya a kansu. Na san waɗannan kalmomi, Inna. Kusan a jeren nan ni ma na koye su, da na fara aikin shara a otal.

Muka yi wajen shekara a haka. Na san lokacin da ƙafarta ke ciwo, na san ba ta son shayi da madara, na san kalmar da take zagin likita da ita, ko da yake wannan ba ta cikin littafin.

Da sanyin bara ya fara ja da baya, sai ta canza. Kullum bayan na idar da la'asar a ɗakin baƙi na fito, sai in same ta a bakin taga tana kallon fili. Ta kama wuyan hannuna da hannunta mai lafiya, ta matse, ta ce, “Māmiņ, piedod man.” Kalmar farko ba ta buƙatar littafi, uwarta take kira. Sauran ne ban sani ba. Ta faɗa, ta zuba mini ido tana jira. In na yi shiru sai ta sake faɗa. Abinci ya fara dawowa kicin yadda na kai shi.

Nas ɗin da ke zuwa duba ta sau biyu a mako ta ce ruɗewa ce irin ta masu wannan ciwo, za a gyara magani. Na kira ɗan, na kara masa wayar a bakinta. Ya saurara, ya ce bai sani ba, sai na ji babban mutum yana kuka. Ni kuwa raina bai yarda ruɗewa ba ce. Wanda ya ruɗe ba ya jiran amsa, ita kuwa jira take yi.

Kwana tara ina bin littafin. Na sami maganar wajen tsakiya, a wani shafi da rubutun ya karkace, ba kamar sauran ba. Kalmomin shafin a jere suke: wasiƙa, uwa, ta rasu, kabari, ban sani ba, na makara. A ƙarƙashinsu ta rubuta, forgive me, piedod man. Ki yafe mini. A layin ƙarshe kuma, I forgive you, es tev piedodu. Na yafe miki.

A daɓen kicin ɗin na zauna.

Da na gaya wa ɗan, ya ba ni abin da ya sani. Lokacin yaƙi, da sojoji suka matso, ita da mijinta suka gudu, tana 'yar shekara ashirin da wani abu. Uwar ta ƙi barin gona da shanunta. Suka rabu ba da daɗi ba, Velta ta ce za ta dawo in dusar ƙanƙara ta narke. Aka rufe iyakar ƙasar. Bayan shekaru wasiƙa ta iso cewa tsohuwar ta daɗe da rasuwa. Ina jin ta nemi waɗannan kalmomi da Ingilishi ne don ta je ta gaya wa limamin cocinsu. Ko ta je, ko ba ta je ba, Allah ne masani.

Kin san yadda muke, Inna. A wurinmu ba a barin mai neman gafara ba amsa, balle wanda ya kusa tafiya. Ko maƙiyinka ne ya ce ka yafe masa yana kwance, sai ka ce ka yafe, kai ma a yafe maka. Mutanen nan sun ji tsohuwa na surutu, suna neman ƙwayar da za ta kwantar da ita. Ni kuwa na san abin da take yi, kuma ga amsar a rubuce da hannunta.

Amma ni ba uwarta ba ce. Ran Juma'a na tari Malam bayan salla a masallacinmu na gabashin gari, na kwashe labari na gaya masa. Ya ce, “Haƙƙi, mai shi ne ke yafe shi, Barira. Ba a yafe na wani.” Sani kuma ya ce in yi aikin da aka ɗauke ni, kada in sa kaina a abin da ba nawa ba. Dukansu gaskiya suka faɗa.

Kwana uku na daure. Ta kama hannuna ta roƙa, ina sane sarai da abin da take roƙo, in ce mata sannu Mama, in gyara mata bargo. Sai ta saki hannun ta juya fuskarta bango. Rashin sani ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba. In na koma gida na dubi Nana tana cin abinci, sai in tambayi kaina: da yarinyar nan za ta gaya mini magana mai zafi ta tafi, ta yi shekara sittin tana ɗauke da abin, ni zan so a bar ta ta mutu da shi? Wallahi ko baƙuwa ce ta amsa mata a madadina, zan gode mata.

Rana ta huɗu, tun daga gida har Pleasant Garden ina tuƙi ina maimaita kalmomin nan uku don kada harshena ya karye. Bayan la'asar ta kama hannuna, ta faɗa. Na ɗora ɗaya hannun a kanta, yadda kike ɗora mana in za mu koma makaranta, na ce, “Es tev piedodu.” Sai na ji maganar ba ta cika ba, na ƙara da Hausa, “Duniya da lahira.”

Ta kifa goshinta a bayan hannuna. Ta yi kuka, ba mai ƙara ba, irin na yaron da ya gaji. Sannan ta yi ta magana, doguwa, tana shafa yatsuna. Ban tsinci komai ba sai gida da saniya. Na bar ta ta gama. Da yamma ta ci burodi da man shanu, ta sha ruwa. Ba ta ƙara roƙon ba. Bayan mako uku ta rasu da hantsi, ɗanta na riƙe da ita. Al'amarinta na wurin Mahaliccinta, wanda ya fi ni saninta. Na mayar wa ɗan littafin uwarsa, na nuna masa shafin.

Ko ƙarya na yi mata? Na yi istigfari, ina kan yi. Ban ce mata ni ce uwarta ba, amma na bar ta ta zaci haka. Har yau ban warware wannan ba, kuma in aka mayar da ni ranar, abin da zan sake yi ke nan.

Bayan an binne ta na kasa zama. Na ga yadda abin ke bin mutum, ya manta sunan titinsu, ya manta harshen da ya rayu da shi, amma wannan ya ƙi mantuwa. Na ga kaina a bakin wata taga a ƙasar nan, ina kama hannun baƙuwa ina kiranki. Sai na sayi kati na kira Iya Habi, ƙanwarki, tunda ita ta yi jinyarki, ita ta yi miki wanka. Karo na farko a rayuwata na katse gaisuwar babba. Na ce, “Iya, ki gafarce ni, yau ba gaisuwa na kira ba. Inna ta ce wani abu a kaina kafin ta cika?”

Ta yi shiru. Ba shiru mai tsawo ba, amma na ji shi. Sannan ta ce, “Ta yafe miki tun ranar da motarku ta tashi. A gabana ta faɗa. Ki kwantar da hankalinki, 'yar nan.”

Na yi godiya, na yi kuka, muka yi sallama. Da na ajiye wayar sai shirun nan ya dawo mini. Na san irinsa, Inna, na zauna a cikinsa kwana uku. Mai yiwuwa Iya tunowa take yi. Mai yiwuwa kuma abin da na yi wa Mama Velta ne ta yi mini, don ta ji muryata ta tausaya. Ba zan sake tambayarta ba. In gaskiya ta faɗa, na zarge ta a banza. In tausayi ne, na san nauyin abin da ta ɗauka domina, ba zan ƙara mata ba.

Shi ya sa na zo wurinki da kaina, ko da na makara. Inna, ki yafe mini. Ki yafe mini maganar da na gaya miki a gaban mutane, ke da kika sayar da akuyarki kika saya mini kayan lakkol ɗin da na zo ina miki gori da shi. Ki yafe mini tsayuwar da na yi a bakin mota. Ki yafe mini shekara uku da na yi ina tambayarki gajiya da sanyi, alhali na san abin da ya kamata in ce. Ba ladabi ne ya hana ni ba, girman kai ne na sa masa sunan ladabi. Ina kewarki, Innata. Ina son ki, ban kuma taɓa gaya miki ba.

Na san ba zan ji amsarki a duniyar nan ba. Zan jira.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya yalwata shi. Allah ya saka miki da Aljanna Firdausi a kan wahalar da kika sha da mu. Allah ya saka wa Iya Habi da alheri, ko wanne ne ta yi. Ya Allah, in uwata ta tafi da ɓacin raina a zuciyarta, ka sanyaya mata, ka sa ta yafe mini kafin ranar da za mu tsaya a gabanka. Ka haɗa mu a inda zan durƙusa in ji daga bakinta. Amin.

Wassalam.

'Yarki mai jiran amsa,
Barira